Kwanar Bayan Rumbun Oddvar

Hon ɗin ya sake tashi daga kwanar da ke bayan rumbu. Oddvar ya yi tsaki, ya ajiye kwalin da yake jera kwanukan marigayiya a ciki, ya jawo takalmansa. Ko bai leƙa ba ya san muryar motar maƙwabciyarsa Solfrid ce.

Tun da matarsa Borghild ta rasu a lokacin kaka, Oddvar ya ja ƙofa ya rufe. Mutanen kwarinmu kuwa ba sa ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa su ce yaya ka ji da kaɗaici, iyakaci a ɗaga maka hannu daga nesa. Wadda ta yi ƙarfin hali ta kai masa farfesu, ya mayar mata da tukunyarta a cike, wai shi ba majinyaci ba ne. Da 'yarsa Tordis ta gaji, ta gyara masa ɗaki a gidanta na bene a birnin Bergen, ta kuma samo wanda zai zo ya sayi taraktarsa ranar Asabar. In taraktar ta tafi, shi ma ya tafi ke nan. Ransa ba ya so ko kaɗan, amma ya rasa hujjar zama da zai ba ta.

Taraktar ta tashi da tari irin na mai ita. Ya zagaya rumbun ya tarar da motar ta cusa hanci cikin dusar ƙanƙarar lambatu, Solfrid na tsaye a gefe, hannuwa cikin aljihu, hankalinta kwance.

"Ke Solfrid, wa ya ba ki lasisin nan, in je in kai ƙararsa?"

"Santsi ne, Oddvar."

"Santsi! Ga tayoyinki sababbi fil, ƙusoshinsu na kama ƙanƙara har ƙyalli suke yi."

"To wa'azi ka zo yi, ko fitar da ni?"

Ya durƙusa yana gunaguni, ya maƙala sarƙa, ya ja. Motar ta fito sumul, ko ƙwarzane babu. Solfrid ta buɗe kwando ta fito da fulas, da kofuna biyu, da wainar fulawa da cuku, har yanzu da ɗuminta. A nan duk wanda aka fitar wa da mota dole ya ba da kofi, wanda ya fitar kuma ba ya cewa ya ƙoshi. Wannan ba tausayi ba ne, hakkinsa ne, saboda haka Oddvar ya karɓa ba tare da kunya ba. Ya sha a tsaye, ya share wainar, ya koya mata yadda ake shiga kwana. Can ya ji wani yana dariya, ashe shi ne.

Bana dai maƙwabta sun zubar da mutuncin kwarin. Malamin makaranta ya kafe a kwanar nan. Mai shagon burodi ta kafe. Limamiyar coci ta kafe tana ta ba da haƙuri kamar ta taka jariri. Wanda ya fi ba Oddvar takaici shi ne Eilif, mutumin da ya tsufa yana jan tirelar katako a kan duwatsu bai taɓa sauka daga hanya ba, shi ma ga shi a lambatu da rana tsaka, gari garau.

"Tsufa ne, maƙwabci," in ji Eilif, yana kallon wani wuri.

"Tsufan lafiya! Na girme ka fa."

Oddvar dai ya yanke hukunci cewa motocin zamani ne suka lalata mutane, komai na'ura ke yi musu, hannu ya manta aikinsa.

Ranar Asabar mai saye ya iso da hantsi, wani dogo daga kwarin gaba. Ya zagaya taraktar, ya bubbuga tayoyi, ya leƙa inji, ya ce ta yi. Ya miƙo hannu a ƙulla ciniki.

Oddvar ya dubi hannun. Ya tuna limamiya tsaye cikin sanyi da siririn takalminta, ya tuna Eilif da ciwon bayansa. Wa zai durƙusa ya maƙala musu sarƙa? Ya cusa nasa hannun cikin aljihu.

"Ka yi haƙuri, na ba ka wahalar tafiya. Ba ta sayarwa ba ce."

Kafin dogon ya gama juya motarsa, Oddvar ya shige kicin ya kira Tordis.

"Ba zan zo ba, 'yar nan."

"Haba Baba! Na har sa labule a ɗakin."

"Cire shi. Mutanen nan ba su iya tuƙi ba. In na tafi, sai bazara in ƙanƙara ta narke za a tono su ɗaya bayan ɗaya."

Bai rufe baki ba hon ya tashi daga bayan rumbu, wannan karon da gaggawa.

"Kin ji ko? Wani ya sake faɗawa." Ya kashe wayar, ya nufi taraktarsa yana fito, abin da rabonsa da yi tun Borghild na da rai.

A can kwanar kuwa, inda rumbu ya kare wa tagar Oddvar gani, Solfrid ta rungume fulas tana haki, don da gudu ta zo da ta ji mai saye ya iso. Limamiya ta saki hon ta leƙo ta gilashi tana tambaya ko motarta ta shiga lambatun sosai. Eilif, wanda ya tsaya tsakiyar hanya yana yi mata nuni da hannu tun da ta fara gangarawa, ya duba tayoyin da idon gwani ya ce, "Ƙara kaɗan, uwargida, makon jiya da na sa ki ba ki nutse da kyau ba, saura ƙiris tsohon ya gane mu."