Man Shanun Inna

A baje kolin giyar Italiya a wani otal na Giza a Masar, wani Ba'italiye mai sayar da giyar ya miƙo mini kofi. Maigidana ya raɗa mini: "Tafinta, in ka ɓata masa rai, khalas, shi ke nan, nemi wani aikin."

Ban taɓa shan giya ba. Sai na yi abin da Inna ke yi wa man shanu a kasuwa: na ɗaga, na duba a haske, na yatsine fuska, na mayar.

Mutumin ya shinshina kofin, sannan ya rungume ni. "Wannan kwalbar ta lalace. Kai kaɗai ka lura."

A motar haya ta zuwa unguwar Faisal na kira Inna na yi mata godiya.

"Ta me?"

"Ta tarbiyya."