Dawowar Dansart Gida

Ranar Juma'a aka kawo tokar gawar Aurele Dansart daga Ajantina cikin tulun tagulla, aka ajiye a ɗakin bayan coci kafin jana'izar Asabar.

Babu wanda bai san shi ba a ƙauyensu na Faransa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa Jamusawa aiki da alƙalami, yana buga sunayen masu ɓoye Yahudawa a jarida. Cikinsu har da Firmin maƙeri, wanda aka harbe a bakin kogi. Da yaƙi ya ƙare Dansart ya bar Faransa, ya tsufa cikin daɗi, marasa kunya suna ta karanta littattafansa. Wasiyyarsa ita ce a binne shi a maƙabartar coci, kuma ramin da aka haƙa yana daf da kabarin Firmin.

Leontine, matar Firmin, ita ke share cocin, makullai na hannunta. Ta sami Fada.

"Fada, kusa da mijina za ku kwantar da shi?"

"Yafiya aikin Kirista ce, Leontine."

"To," ta ce. Maƙwabta suka ce tsufa ya kashe mata zuciya.

Asabar aka tashi ƙanƙara ta daskare a hanya. Leontine ta kwashe tokar murhun coci, ta hura wuta, sannan ta fito da bokiti tana barbaɗa toka daga ƙofar waje har matakala, kamar yadda ake yi don kada a zame.

Masoyan Dansart suka iso daga birni, takalma na ƙyalli, kowa da littafi a hammata.

"Iya, ƙara nan," in ji wani mai gilashi. "Kada mu karye kafin mu kai maigida makwanci."

"Taka da ƙarfi, ɗan nan. Dominku na zuba."

Suka taka. 'Yan ƙauye suka taka. Karen mahauci ma ya zo ya ɗaga ƙafa a wurin.

Aka yi jawabi, aka yi kuka, aka sauke tulu a rami. Leontine na tsaye kan kabarin mijinta, idonta a bushe. Firmin maƙeri ne, tokar murhun da ta cika tulun da ita ba za ta dame shi ba.

Dansart kuwa ya riga ya manne a tafin takalman masoyansa, ragowarsa na bin narkakkiyar ƙanƙara zuwa kwata.