Motar da Rufinta Ke Naɗewa

A shekarar 2014 Nasidi ya fara ganin Kellu, tana tsinkar tattasai a gonar mahaifinta, bakin kogin Komadugu. Bayan shekara shida sai ga shi a ƙofar bukkarsu, a zangon 'yan gudun hijira na gefen Diffa, cikin wata 'yar mota ja, sabuwa fil daga Kwatano.

"Miliyan ashirin da biyu, Kellu," ya ce a hankali. "Duk abin da na tara a fatauci ke nan. Kin sha tafiyar ƙasa, na rantse ba za ki shiga gidana da ƙafa ba."

Ya danna maɓalli don ya burge ta. Rufin ya naɗe kansa, ya koma baya. Kellu ta ja da baya har ta dafa zana.

"Ya Nasidi, mayar da rufin."

"Ai nan tsadarta take."

"A buɗaɗɗiyar mota 'yan bindiga suka tafi da Baba. Ina kwance cikin tattasai, ina hangen hularsa har ta ɓace."

Bai taɓa jin wannan ba. Ya ce, "Gobe zan sayar da ita, ko a rabin kuɗi."

Ta girgiza kai.

"Kada ka yi asara saboda ni. Shekara shida kana tara kuɗin mota, ko sau ɗaya ba ka zo ka tambaye ni yadda aka yi ba."

Ta shiga ta ɗebo ruwa a kwano, ta ajiye masa a ƙasa yadda ake yi wa baƙo, ta saki labule.