Tsohon da ke Ƙarshen Layi

Malam Tanimu, zauna. Shekara ashirin ina aikin jinya a ɗakin nan, ban taɓa ganin ɗan da ya cire wa mahaifinsa robar oksijin don ya ɗura masa kunu ba sai kai. Wai iska ce kawai, abinci ne ƙarfi. To, saurara.

An yi wani shugaban leburori da ake zuba kankare a rufin bene a ƙarƙashin kulawarsa. Mutane goma sha biyu suka jeru a kan tsani, kwano na tafiya daga hannu zuwa hannu. A can ƙarshe, kan wani siririn katako, akwai tsoho guda. Aikinsa ya karɓa, ya juye, ya mayar da kwanon wofi. Shugaban ya ɗaga kai ya ga kowa na zufa ban da shi, sai ransa ya ɓaci. Ya daka masa tsawa: "Sauko, ba ka tsinana komai!" Tsoho ya sauko. Na bayansa ya miƙa kwano, babu mai karɓa, kuma ƙafarsa ba ta san katakon ba. Ya tsaya cak da kaya a hannu. Na ƙasansa ma ya tsaya, har zuwa gindin tsani. Ga siminti tuli, ga ƙarti majiya ƙarfi, amma ko kwano ɗaya bai dawo wofi ba. Shugaban na ta zage-zage, rana na dukan kankare. Kafin a lallaso tsohon, abin da aka zuba ya daskare rabi, sai da aka farfasa rufin da guduma.

Haka jikin mahaifinka yake. Abin da ya ci, wasu 'yan dako ne a cikin tsokarsa ke kwasar ƙwayoyin lantarki daga ciki, wannan ya miƙa wa wancan, kowace miƙawa na sakin ɗan ƙarfin da zuciya ke bugawa da shi. Mai karɓa na ƙarshe oksijin ne. Ka kore shi, sai duk su tsaya da kaya a hannu, mutum ya mutu da cikinsa cike da kunu. Da na makara minti biyar, da yanzu likkafani kake nema. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.