Sarƙar Cikin Gilashi

Bayan la'asar Badamasi ya yi sallama a zauren su Bushira. Da safe ya shiga kasuwar Haɗeja sayen injin ban-ruwa, don mahaifinta ya ce ba zai sa ranar aurensu ba sai ya ga shinkafar rani a fadamar Badamasi.

Ta fito da murmushi, ta leƙa bayan babur ɗinsa. Babu komai a ɗaure.

"Yaya Badamasi, ina injin?"

Ya sunkuyar da kai, ya zaro ɗan akwati daga aljihu. Sarƙar gwal ce, wadda kullum takan tsaya kallo a shagon bakin kasuwa.

"Wallahi kallo kawai na tsaya yi," in ji shi. "Sai mai shagon ya ɗora min ita a hannu. Na tuna yadda kike kallonta."

Bushira ba ta miƙa hannu ba. Idanunta suka ciko.

"Shekara biyu ina kallonta, ban taɓa tambayar kuɗinta ba. Ka san dalili? Kai nake jira, ba ita ba."

"Don ke na saya, Bushira."

"To me zan ce wa Baba? In sa ta a wuya, shinkafarka ta bushe?"

Ya sauke hannunsa da akwatin. Tana kallon ƙasa ta ce:

"Ba sa rufe shago sai magariba. In ka dawo da injin, zan fito. In da akwatin ka dawo, kada ka yi sallama."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya rufe akwatin, ya tada babur.