Amyar Baba Bubayaro

Murjanatu ta tsince tsutsa ta ƙarshe daga ganyen kabewa, ta miƙe da ƙyar tana dafe da ƙugu. Tun farkon damina haka take fama: tsinta da hannu, dakan ganyen dalbejiya, barbaɗa toka. Duk unguwar Dogo Nini kowa feshi yake yi ya huta. Ita kaɗai ta haƙura, saboda amyar maƙwabcinta Baba Bubayaro da ke rataye a mangwaro jikin katangarta. Ba ta so a ce ita ta kashe wa tsoho ƙudan zuma.

Yau kam ta gaji. Ta sayo kwalbar maganin feshi, ta leƙa ta katanga.

"Baba, ka yi haƙuri, bayana kamar zai karye. Gobe zan yi feshi, ka sa a ɗauke amyarka."

Tsohon ya ɗago daga tabarma. "Ai 'yata, amyar nan babu komai a ciki tun bara. Ta tsage, suka tashi."

Murjanatu ta ce, "Wato duk wahalar nan a banza na sha?"

"A banza kuma?" Ya nuna lungun bayan madafinta da sanda. "Tsohuwar randar da kika yar can, nan suka koma. Na zaci kin sani. Kullum cewa nake, matar nan ta iya kiwon zumarta."

Murjanatu ta daɗe tana kallon kwalbar da ke hannunta. Ta ajiye ta, ta sake duƙawa cikin kabewa.