Ƙafar Solomon Gola

Wata huɗu ke nan Solomon bai taka ƙasa da ƙafarsa ta dama ba. Gwiwar ta kumbura, gyambo ya buɗe a ƙasanta, har matarsa Keziah ta daina rufe ƙofar ɗaki saboda wari. Ma'aikacin lafiya da ya duba shi ya ce a gaggauta kai shi asibiti, in ba haka ba za a rasa ƙafar.

Matsalar ita ce hanya. Gidansu yana kan dutse a bayan garin Zuru, inda ko mashin ba ya hawa. Solomon kuma ƙato ne, sai an sami maza huɗu su sauko da shi bakin titi. 'Ya'yansa maza suna aikin soja a nesa, maƙwabtan da suka rage a kan dutsen kuwa duk tsofaffi ne.

Keziah ta san inda za ta sami maza. A rumfar Muhammad Sani mai faci akwai majalisa, kuma babu ranar da za a tashi ba a ambaci sunan mijinta ba.

Shekara talatin da biyar da suka wuce, Solomon ne golan unguwarsu a wasan cin kofi da 'yan Ribah. Saura minti goma a tashi aka taka masa gwiwa. Ya roƙa a cire shi, magoya baya suka ƙi. Muhammad Sani ya yanko robar taya ya ɗaure gwiwar tamau, suka tura shi ya koma raga. A haka ya kama fenariti, aka ci kofi, suka zagaya da shi a kafaɗa har kasuwa. Tun daga ranar gwiwar ba ta koma daidai ba.

Da Keziah ta iso rumfar, ta tarar ana wannan labarin. Yari direba ya dage cewa ɓangaren dama Solomon ya faɗa da zai kama fenaritin. Mika tela ya ce hagu ne, kuma Yari bai ga komai ba, don yana ganin sandunan 'yan Ribah ya haye bishiyar mangwaro. Aka yi ta dariya.

"Yawwa, ga matar gola," in ji Muhammad Sani. "Maman Leah, raba mana gardama. Dama ya faɗa ko hagu?"

Ta ce ita ba ta je filin ba. Ta gaishe su, ta faɗi abin da ya kawo ta. Suka jajanta mata sosai. Yari ya ce don Solomon ko garin Sakaba ne zai je a ƙafa. Aka tsayar da Asabar da hantsi.

Ranar Asabar ta yi masa wanka, ta sa masa rigar zuwa coci, ta jingina shi a bakin ƙofa. Har rana ta faɗi babu wanda ya hawo. Ashe ana nuna wasan Turai a gidan kallo tun azahar, can suka yini.

Aka sake sa rana, aka ce an yi ruwa, dutse yana santsi. Aka sa ta uku, kowa ya ce ya zaci sauran sun je.

Ta koma rumfar. Wannan karon ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Kun ɗauke shi daga fili har kasuwa lokacin da bai roƙe ku ba," ta ce. "Yau daga ɗaki zuwa titi ya gagare ku?"

Muhammad Sani ya yi murmushi, ya ce ta kwantar da hankalinta, su sun fi ta sanin Solomon. Mutumin da ya tsare raga da ƙafa ɗaya ba gyambo ne zai kayar da shi ba. Ya jawo tsohuwar roba, ya yanko mai tsawo, ya miƙa mata.

"Ki ɗaure masa da kyau, Maman Leah. Da irinta na tashe shi wancan karon."

Ta dubi robar, ta dube shi, ta juya ta tafi.

Ranar Lahadi ta tashi a taron zumuntar mata na coci ta faɗi halin da take ciki. Washegari mata shida suka hau dutsen, Magdalene mai tuyar ƙosai a gaba. Suka cire ƙyauren ɗaki, suka kwantar da shi a kai, suka sauko da shi suna hutawa suna ɗauka. Ta gaban rumfar suka wuce.

Likita ya buɗe ƙafar, ya tambayi Keziah me ya sa sai yanzu. Ya ce da sun zo mako uku da suka wuce, da akwai abin yi. Aka yanke ta daga saman gwiwa.

Kwana biyu bayan haka 'yan majalisa suka zo dubiya da lemo da ayaba. Tun daga baranda ake jin muryar Yari yana ba masu jinya labarin fenariti. Solomon ya ji su. Ya juya fuskarsa bango.

"Ki ce musu barci nake," ya ce wa matarsa.

'Yan'uwa masu karatu, yabon da ba ya hawa dutse ya duba mara lafiya ba ƙauna ba ce, hira ce kawai. Idan akwai wanda kuke alfahari da abin da ya yi muku jiya, ku tashi ku je ku ga halin da yake ciki yau, tun akwai abin da za a ceta.